Ƙarshen Layi: Tarihin Lambobi Biyu da Ke Zaɓar Wayar da Manhaja Za Ta Shiga

A shekarar 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙaura Namoda, kuma a nan ya tsaya. Bai ƙarasa Sakkwato ba, bai leƙa Shinkafi ko Zurmi ba. Mai gyaɗa ko auduga ko fata daga waɗannan garuruwa sai ya ɗora wa jaki ko raƙumi, daga baya mota, ya kawo tasha. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin ƙafa 3 ce da inci 6, ma'aunin da Turawan mulkin mallaka suka zaɓar wa Najeriya domin ya fi arha wajen shimfiɗawa. Ba a nemi shawarar mutumin Ƙaura ba, amma lambar ta yi masa rana, domin ita ce ta babban layin Legas zuwa Kano. Taragon da aka loda a Ƙaura yana iya isa bakin teku ba tare da an sauke buhu ko ɗaya a hanya ba.

Mutanen Jos ba su yi wannan dacen ba da farko. Ƙaramin layin da aka ja musu daga Zariya domin kwasar kuza ƙafa 2 ne da inci 6, don haka kowane kaya sai an sauke shi a Zariya an sake lodawa, kuma a 1957 aka rufe layin baki ɗaya. Yau ma labarin bai sauya ba: layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 an shimfiɗa shi bisa ma'aunin milimita 1,435, kuma taragonsa ba zai taɓa hawa tsohon layin Ƙaura ba.

Na kawo wannan ne domin akwai wani ma'aunin irinsa da ke aiki a aljihun kowa. Duk manhajar da ke wayar Android, ta banki ce ko ta hira ko ta rajistar manoma, tana ɗauke da lambobi biyu da wani injiniya ya rubuta a layi biyu na wani fayil. Lamba ɗaya tana faɗin wayar da za a bari manhajar ta shiga, ɗayar tana faɗin dokokin da manhajar za ta bi idan ta shiga. Tarihin waɗannan lambobi na shekara goma sha bakwai yana nuna abu guda: duk lokacin da aka ɗaga su, wanda ke riƙe da tsohuwar waya a ƙarshen layi shi ne ke asara, kuma asarar tasa ta fuska biyu ce.

Dokin ƙofa da alkawari

Android ta fito a watan Satumba na 2008, a kan wayar HTC Dream. Tun daga ranar, kowace siga tana da suna na kasuwa da jama'a suka sani, da kuma lambar mataki da masu rubuta manhaja ke aiki da ita. Sigar farko mataki na 1 ce. KitKat ta 2013 mataki na 19, Lollipop ta 2014 mataki na 21, Marshmallow ta 2015 mataki na 23, Oreo ta 2017 mataki na 26, Android 14 ta 2023 mataki na 34, sannan Android 16 ta 2025 mataki na 36.

Lambar farko, wadda ake rubutawa minSdk a cikin fayil, ita ce dokin ƙofa. Idan mai manhaja ya rubuta 24, duk wayar da ke ƙasa da Android 7 ba za ta karɓi manhajar ba. Play Store ma ba zai nuna mata ita ba, ko ya ce mata na'urar ba ta dace ba. Lamba ta biyu, targetSdk, ta zo ne a 2009 tare da Android 1.6, kuma alkawari ce: mai manhaja yana shaida wa waya cewa ya gwada aikinsa a kan wannan mataki, ya kuma yarda a yi masa hukunci da dokokinsa. Idan wayar ta fi lambar sabunta, sai ta yi wa manhajar sassauci, ta bar ta ta ci gaba da tsohuwar ɗabi'arta don kada ta lalace. Kamfanin Apple ma yana da makamancin wannan tsari a iPhone, amma tunda Android ce ke hannun mafi yawan masu babbar waya a Arewa, a kanta za mu tsaya.

Da a ce kowace waya tana karɓar sabuwar siga duk shekara, da waɗannan lambobi ba su dami kowa ba. Sai dai Google ba shi ke tura sabuntawa zuwa yawancin wayoyi ba. Sabuwar siga sai ta bi ta hannun mai ƙera guntun kwamfutar da ke cikin wayar, irin su MediaTek da Unisoc, sannan ta bi ta hannun kamfanin da ya harhaɗa wayar, kuma kowannensu sai ya biya injiniyoyi. A kan waya mai tsada ribar tana ɗaukar wannan nauyi. A kan waya mai arha ba ta ɗauka, shi ya sa irin wayoyin da suka cika kasuwar Farm Centre ta Kano da shagunan Gusau galibi suke mutuwa da sigar da aka haife su da ita, ko su samu ƙari ɗaya tak. Kuma wayar ba ta mutuwa da wuri. Mai ita na farko ya sayar, ɗalibi ya saya, ya gaji ya miƙa wa ƙanensa, ƙanen ya aika wa mahaifiyarsu a ƙauye. Duk hannun da ta sauya tana ƙara nisa da birni, lambar matakinta kuwa tana nan inda take.

Google ya san da matsalar. An tsara KitKat ta yi aiki a kan waya mai ƙwaƙwalwar megabait 512 kacal. A watan Agusta na 2015 aka ƙaddamar da shirin Android One a Legas da wayar Infinix Hot 2, bisa alkawarin sabuntawa a kai a kai. A 2017 aka fito da Android Go domin ƙananan wayoyi, aka kuma sake fasalin tsarin a Oreo don sauƙaƙa wa masu ƙera waya aikin sabuntawa. Duk sun rage ciwon, babu wanda ya warkar da shi.

Yadda alkawari ya zama doka

Kafin 2015, idan za ka sauke manhaja, ana nuna maka jerin duk abin da take so: lambobin abokanka, saƙonninka, hotunanka, inda kake. Ko ka yarda da duka, ko ka haƙura da manhajar. Marshmallow ta sauya wannan. Daga mataki na 23 dole manhaja ta nemi izini a lokacin da take buƙatarsa, kuma mai waya yana da ikon cewa a'a.

Amma akwai tsaga a bango, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sabuwar dokar ta hau kan manhajar da ta rubuta 23 ko sama ne kawai a lambar alkawarinta. Wanda ya bar tasa a 22 sai waya ta yi masa sassaucin nan, ta miƙa masa duk izinin tun ranar saukewa. Masu mugun nufi suka gane haka, suka riƙa barin lambarsu a ƙasa da gangan. Sassaucin da aka yi domin tsofaffin manhajoji ya koma mafakar ɓarayin bayanai.

A watan Disamba na 2017 Google ya sanar da cewa an daina barin lambar ga ganin damar mai manhaja. Daga Agusta na 2018 duk sabuwar manhaja sai ta rubuta aƙalla 26 kafin Play Store ya karɓe ta, daga Nuwamba kuma dokar ta hau kan sabunta tsofaffi. Tun daga lokacin lambar ke hawa kowace shekara: 33 a ƙarshen Agusta na 2023, 34 a 2024, 35 a 2025. Android 14 ta ƙara ɗaure igiyar, ta ƙi karɓar duk manhajar da lambar alkawarinta ke ƙasa da 23, ko daga ina aka samo ta. Android 15 ta ɗaga iyakar zuwa 24.

Mai karatu a Najeriya bai buƙatar dogon bayani kan abin da izinin lambobin waya ke jawowa. Mun ga zamanin manhajojin bashi da ke kwashe sunayen da ke wayar mutum, in ya yi jinkirin biya su aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon tozarci. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a watan Maris na 2022, kuma daga ƙarshen Mayu na 2023 Google ya haramta wa manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin waya da hotuna. Ɗaga lambar alkawari alheri ne, babu tantama.

Sai dai a duba wanda alherin ya isa gare shi. Wayar da ta tsaya a Lollipop ba ta san tsarin neman izini ba sam, ko wace lamba manhajar ta rubuta. Katangar da Android 14 ta gina tana kare mai Android 14 ne. Kariyar tana tafiya da sabuwar waya, kuma sabuwar waya tana tafiya da mai kuɗi.

Dokin ƙofa yana tashi

Ita lambar farko Google bai kafa mata doka ba. A ƙa'ida mai manhaja yana iya barinta a ƙasa yadda ya so. A aikace kuwa abubuwa da dama suna tura ta sama.

Na farko tsaro. Wayoyin da suka girmi Lollipop ba sa kunna ingantaccen tsarin ɓoye saƙo tsakanin waya da uwar garke da kansu, kuma babu bankin da zai so kuɗin jama'a su riƙa bi ta hanyar da aka san ramukanta. Na biyu kayan aiki. Babu mai rubuta manhaja daga tushe. Kowa yana ɗora gininsa ne a kan tubalan da wasu suka buga. Tubalan AndroidX na Google sun ɗaga dokin ƙofarsu daga 14 zuwa 19 a ƙarshen 2023, suka sake ɗagawa zuwa 21 a 2024, kuma duk wanda ya gina a kansu dole ya bi. Hidimomin Google Play, waɗanda taswira da sanarwa da shiga asusu suka dogara da su, sun daina sabunta KitKat a Agusta na 2023, Lollipop kuma a Yuli na 2024. Na uku kuɗi, domin kowace tsohuwar siga da aka riƙe ƙarin gwaji ce da ƙarin albashi. Mai ƙaramin kamfani a Kano ko Kaduna yana tsakanin gaba kura baya sayaki: Google na tura lambar alkawarinsa sama duk shekara, tubalan da yake buƙata don cika wannan sharaɗi kuma suna janye dokin ƙofarsa daga hannun tsofaffin wayoyi.

Tarihin WhatsApp kaɗai ya isa misali, tunda ita ce manhajar da ciniki da zumunci da wa'azi suka koma cikinta. Ta bar wayoyin Nokia masu Symbian a tsakiyar 2017, BlackBerry a ƙarshen wannan shekarar, ƙananan Nokia masu tsarin S40 a ƙarshen 2018. A Fabrairu na 2020 ta bar Android 2.3, ranar 1 ga Nuwamba na 2021 ta bar Android 4.0, ranar 24 ga Oktoba na 2023 kuma ta bar duk abin da ke ƙasa da Lollipop.

Wani lokacin ma ƙofar tana rufuwa ba tare da kowa ya taɓa lamba ba. Shafukan intanet suna tabbatar da sahihancinsu da takardar shaida mai hatimi, kuma kowace waya tana zuwa da jerin hatiman da ta amince da su. Cibiyar Let's Encrypt, wadda ke ba miliyoyin shafuka wannan shaida kyauta, tana da hatimin da wayoyin ƙasa da Android 7.1.1 ba su sani ba. Ta yi dabarar jingina da wani tsohon hatimi na wasu shekaru, amma jinginar ta ƙare a 2024. Mai irin wannan waya sai ya ga shafi ya ƙi buɗewa, ya ɗauka data ce ta ƙare ko sabis ne babu. Shawarar da cibiyar ta ba irinsu ita ce su koma Firefox, domin ita tana tafe da nata jerin hatiman.

Shekaru biyu a arewacin Zamfara

A farkon Satumba na 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, a daidai lokacin da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako. Gusau aka fara maido wa sabis a farkon Oktoba. Sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira har makonni bayan haka. Wa'adin WhatsApp na 1 ga Nuwamba ya faɗo ne a cikin wannan duhu. Sanarwar gargaɗi da kamfani ke turawa ta intanet take bi, don haka wanda ke Zurmi ko Shinkafi da irin wannan waya ba shi da hanyar jin labari. Darasin ya wuce WhatsApp. Duk manhajar da ke ƙin buɗewa sai an sabunta ta, an gina ta ne bisa zaton cewa sabis yana nan kullum kuma data tana da arha, zaton da bai taɓa zama gaskiya ba a garuruwan da ake neman sabis a kan tudu, ake kai waya shagon caji.

Shekara guda bayan haka, ranar 26 ga Oktoba na 2022, Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. A Janairu da Fabrairu na 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Zamfara na cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, kotun kuma ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. Kafin nan, mai sayar da hatsi a Shinkafi da mai dabbobi a Zurmi an ce musu su koma tura kuɗi ta waya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka tilasta musu. A makonnin nan lambar dokin ƙofa ta tashi daga zancen injiniyoyi ta zama zancen cefane: wanda wayarsa ta karɓi manhajar banki ko ta OPay ko PalmPay ya yi ciniki, wanda tasa ta ƙi ya bi layin mai POS ya biya la'ada mai tsada.

Abin da ya ceci mutane da yawa shi ne fasahar da ta girmi Android: lambobin nan masu farawa da tauraro su ƙare da alamar tsani, waɗanda ke aiki har a 'yar Nokia mai tocila ba tare da data ba. Babban Bankin da kansa ya koyi wannan karatu. Ya ƙaddamar da eNaira a Oktoba na 2021 a matsayin manhajar babbar waya, sai a Agusta na 2022 ya ƙara mata lambar *997# domin waɗanda manhajar ba ta isa gare su ba.

Kaso nawa, kuma na su wa?

Idan injiniya ya buɗe Android Studio zai fara sabon aiki, ya zaɓi dokin ƙofa, nan take ana nuna masa cewa manhajarsa za ta yi aiki a kan kaso kaza cikin ɗari na na'urori. Adadin yakan yi kyau a ido, casa'in da wani abu, sai hankalinsa ya kwanta. Matsaloli biyu ne a ciki.

Adadin na duniya ne baki ɗaya, ya haɗa Koriya da Jamus da Zurmi a kwano ɗaya. 'Yan kason da suka rage ba a warwatse suke daidai wa daida ba. Sun taru ne a wuraren da tsofaffin wayoyi ke zuwa ƙarasa rayuwarsu. Abin da yake kaso biyu a lissafin duniya yana iya zama babban ɓangare na mahalarta wata kasuwar ƙauye.

Sannan Google yana ƙirga wayoyin da ke hulɗa da Play Store ne. A Arewa kuwa manhaja takan shiga waya ta Xender, daga wayar aboki ko daga kwamfutar mai tura fina-finai da waƙoƙi a bakin kasuwa. Wayar da ta yi watanni ba ta leƙa Play Store ba, ba ta cikin ƙidayar. Ita ma wannan hanyar ta ƙara ƙunci tun Agusta na 2021, lokacin da Google ya wajabta wa sababbin manhajoji wani tsarin ƙunshi da ke rarraba manhaja gunduwa-gunduwa daidai da kowace waya, ta yadda kwafin da aka tura daga wata wayar ba lallai ya zauna a wata ba.

A Turai an kama matsalar daga tushe. Tun 20 ga Yuni na 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da waya su ci gaba da samar da sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan sun daina sayar da samfurin. Google da Samsung kuma sun yi wa manyan wayoyinsu, daga Pixel 8 da Galaxy S24, alkawarin shekara bakwai. Kuɗin ɗaya daga cikinsu zai sayi ƙananan wayoyi da yawa, kuma dokar Turai ba ta bin wayar da aka ƙera domin kasuwar Afirka.

Abin da ke hannunmu

Da yawa daga masu karanta wannan wasiƙa ba sa rubuta manhaja, amma su ne ke sa hannu a kwangilarta: jami'in ma'aikatar lafiya da ke son manhajar tattara bayanan rigakafi, ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke rajistar 'yan gudun hijira, manajan ƙaramin banki, shugaban makaranta. Ga wanda ke wannan kujera, tambayar dokin ƙofa tasa ce kafin ta zama ta injiniya, domin tambaya ce ta wa za a yi wa hidima.

Kafin a zaɓi lamba, a aika mutum wurin da manhajar za ta yi aiki, ya duba wayoyi hamsin ko ɗari na ainihin waɗanda za su riƙe ta, ya rubuta sigar kowacce; aikin yini biyu ne, kuma ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa tun 1983, za su iya yin sa. A rubuta lambar a cikin kwangila, tare da sharaɗin cewa ba za a ɗaga ta ba sai an nuna adadin mutanen da za su faɗi. Lambar alkawari kuwa a bar ta ta bi ta Google duk shekara, a kuma ware kuɗin wannan aiki tun farko, domin manhajar da aka yi watsi da ita shekara biyu Play Store yana daina nuna ta ga masu sababbin wayoyi. Idan ɗaga dokin ƙofa ya zama dole, Play Store yana ba da damar a bar wa tsofaffin wayoyi sigar ƙarshe da ta dace da su, matuƙar ba a kashe ta daga uwar garke ba. Kuma duk hidimar da ta shafi kuɗi ko lafiya ko shaidar ɗan ƙasa, a ajiye mata hanyar lambar tauraro ko saƙon tes, wadda ba ta tambayar sigar kowa.

Google zai sake ɗaga lambarsa a watan Agusta mai zuwa, kamar yadda ya saba, masu tubalan gini kuma za su bi sahu. Wannan ba ya hannun kowa a Gusau ko Abuja. Wanda ke hannunmu shi ne sanin wayoyin da ke aljihun mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi kafin a rubuta ɗaya lambar.